Toshewar Hanji: Jiran Asibiti da Jiran Gida

Duk wanda ya taɓa aikin jinya a sashen tiyata a garin Kaduna ya san akwai majinyatan da ake gane ciwonsu tun daga bakin ƙofa, kuma mai toshewar hanji yana cikinsu. Akan shigo da shi ciki ya kumbura tam, idanu sun faɗa, leɓɓa sun bushe, kuma idan aka tambayi rabonsa da bayan gida ko fitar da iska sai 'yan rakiya su dubi juna tukuna kafin babbansu ya ce an kwana uku, wataƙila huɗu. Na daɗe ina bibiyar abin da masu bincike ke wallafawa a kan wannan ciwo, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne muhawararsu a yau ta karkata ga tsawon lokacin da likita zai iya dakatawa kafin ya buɗe ciki, alhali majinyacinmu na nan ya riga ya cinye wannan lokacin a gida. Jiran da ake yi a gadon asibiti magani ne da aka auna aka gindaya masa sharuɗɗa, wanda ake yi a gida kuwa shi ke mayar da ciwon da ake iya warkarwa ya zama ajali.

Ƙaramin hanjin babban mutum yakan kai kimanin mita 6, babban hanji kuma wajen mita 1 da rabi. Ruwan da ke ratsa su a kullum ba wanda muka sha ba ne kaɗai, domin idan aka haɗa da yawu, da ruwan tumbi, da na matsarmama, da sauran ruwan narkar da abinci da jiki ke zubawa da kansa, jimillar takan kai lita 8 zuwa 9, kuma hanji ke tsotse kusan dukkansa ya mayar wa jini. Da zarar hanya ta toshe, jiki ba ya daina zuba wannan ruwa, amma hanjin da ke sama da wurin toshewar yakan kasa tsotsewa. Sai ruwan ya taru inda ba shi da amfani, wani ya fita ta amai, wani ya jiƙe bangon hanji, wani ya tsiyaya cikin kogon ciki. Shi ya sa za a ga mutum cikinsa cike da ruwa amma jijiyoyinsa sun bushe, fitsari ya ɗauke, ƙoda na neman tsayawa, gishirin jini da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata sun zube.

A farkon ƙarni na 20 fiye da rabin waɗanda ciwon ya kama mutuwa suke yi, kuma ra'ayin da ya rinjaya a lokacin shi ne wata guba ce ke taruwa a hanjin da ya toshe ta shiga jini. A 1912 likitoci biyu a Amurka, John Hartwell da J. P. Hoguet, suka toshe hanjin karnuka da gangan, suka riƙa yi wa wasu allurar ruwan gishiri mai yawa domin mayar da abin da suka amayar, sai ga waɗanda aka mayar wa ruwa sun rayu kwanaki masu yawa bayan sauran sun mutu. Sai kuma Owen Wangensteen na Jami'ar Minesota, wanda a 1931 ya fito da dabarar zuƙe abin da ya taru ta robar da aka zura ta hanci zuwa tumbi, ya kuma nuna daga baya cewa mafi yawan iskar da ke kumbura cikin ba ruɓewar abinci ke kawo ta ba, iskar da majinyaci ke haɗiya ce tare da yawu. Ƙarin ruwa da zuƙe ciki, da aka haɗa su da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ingantacciyar allurar barci, su suka sauko da mace-mace zuwa 'yan kaso kaɗan cikin 100 a inda ake zuwa asibiti da wuri, kuma har gobe babu sabon maganin da ya maye gurbinsu.

Robar hancin nan ita ce abin da majinyata suka fi tsana, kuma ban ga laifinsu ba, domin shigarta da zafi, zamanta a maƙogwaro da takura. Amma wanda ya tsaya kusa da gado ya ga abin da ke biyo ta ba zai sake kiranta azaba ba. Da farko ruwan kore ne. Idan toshewar tana can ƙasa kuma ta kwana biyu, sai ya fito ƙasa-ƙasa mai kauri da warin bayan gida, ya cika jaka cikin ɗan lokaci, ciki ya ɗan saki, numfashi ya sauko, mutumin da ya kwana yana juyi ya samu barci. Rigimar da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ce. Wata dattijuwa da ke jinyar mijinta ta taɓa tare ni a baranda da kwanon koko a hannu, ta ce, "Ɗan nan, ka dubi girman Allah, Malam rabonsa da abinci tun shekaranjiya, ko cokali biyu ne a bar ni in ba shi." Na ce, "Mama, duk abin da ya shiga bakinsa yanzu babu inda zai bi ya wuce, can zai tsaya ya ƙara masa kumburi, kuma in ya yi amai yana kwance zai iya faɗa masa huhu. Abincinsa na yau shi ne ruwan nan da kike gani yana ɗiga." Ta koma da kokon, amma ba da yardar zuciya ba.

Duk wannan bayani ya shafi toshewa ce zalla, wato hanya ta rufe amma jini bai daina zagaya bangon hanji ba. Haɗarin gaske yana farawa ne idan abin da ya tare hanyar ya shaƙe jijiyoyin jini ma. Jijiyoyin da ke kwashe jini daga hanji sun fi taushi, don haka su ke fara rufewa, jini ya riƙa shiga ba ya fita, hanjin ya kumbura ya rine daga ja zuwa baƙi, daga nan masu kawo jinin su ma su tsaya. Idan jini ya yanke gaba ɗaya, cikin kimanin awa 6 bangon yakan mutu. Abin da ke fara lalacewa shi ne siririyar fatar cikin hanji, wadda ita ce shinge tsakanin jini da ɗimbin bakteriyar da ke zaune a wurin. Binciken da likita Edwin Deitch ya wallafa a 1989 ya nuna cewa shingen yana fara yoyo tun hanji bai mutu ba: a cikin masu toshewa zalla da aka yi wa tiyata an samu bakteriya a kaluluwar da ke jikin hanjin kashi 59 cikin 100 daga cikinsu, alhali a waɗanda aka buɗe cikinsu don wani dalili daban kashi 4 ne kacal. Idan kuwa bangon ya fashe, ƙazanta ta malala a kogon ciki, to a nan ne ake rasa mutane ko da an yi aikin da kyau.

Alamomin shaƙewa sanannu ne a littafi: murɗawar da take zuwa tana lafawa ta koma ciwo mai ɗorewa, zazzaɓi ya shigo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya yi tauri ba ya son taɓi. Sai dai wani bincike na asibitin Johns Hopkins da aka wallafa a 1983 ya nuna cewa manyan likitocin tiyata, da duk gogewarsu, kusan rabin masu shaƙewar hanji kawai suka iya ganewa kafin a buɗe ciki. Hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki, ya rage wannan duhu sosai, amma ba kowane asibiti ke da na'urar ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin gidaje da yawa, saboda haka hoton eksire, da sikanin, da hannun likitan da ke dawowa ya sake dubawa bayan 'yan awoyi su ne abin dogaro a yawancin wurarenmu.

A Turai da Amurka babban abin da ke toshe ƙaramin hanji shi ne mannewa, wato zaruruwan tabo da ke fitowa a cikin ciki bayan an taɓa yin tiyata, su haɗe hanji da hanji ko hanji da bangon ciki, wata rana ɗaya daga cikinsu ya lanƙwasa hanjin ko ya ɗaure shi. Wani babban bincike da aka yi a Sukotland, wanda mujallar Lancet ta buga a 1999, ya bi sawun mutum 29,790 da aka yi wa tiyatar ciki ko ta mara a 1986 har tsawon shekara 10, ya gano cewa fiye da kashi 1 cikin 3 an sake kwantar da su saboda matsalar da mannewa ta jawo, ko ake zaton ita ta jawo, ko wata tiyatar da take iya dagulawa. A wajenmu ƙaba ce ta daɗe tana kan gaba, amma rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya na nuna mannewa na ta haurowa, har ta wuce ƙaba a wasu wurare. Dalilin a fili yake, tunda yanzu ana yawan yin tiyatar haihuwa, da cire afendis, da cire ƙarin mahaifa, da ɗinke hanjin da taifot ya huda. Kowace ɗaya ceton rai ce, amma kowace tana barin tabo a ciki, kuma tabon na iya yin shiru shekara 20 kafin ya motsa.

A kan mannewar nan ne aka gina maganar jira. Tsofaffin likitocin tiyata suna da ƙa'idar cewa kada rana ta fito ta faɗi a kan toshewar hanji ba a buɗe ciki ba, amma daga baya aka lura cewa kowace sabuwar tiyata sabuwar mannewa take haifarwa, kuma kashi 70 cikin 100 ko fiye na toshewar mannewa takan warware da kanta idan aka hutar da hanji, aka zuƙe ciki, aka mayar da ruwa. Ƙa'idojin Bolonya, waɗanda ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya ta tsara ta kuma sabunta a 2017, sun yarda a dakata har awa 72 muddin babu alamar shaƙewa ko fashewa. An ƙara da wata dabara mai sauƙi, wato a zuba ruwan hoto da ake kira Gastrografin, kimanin mililita 100, ta robar hanci, sannan a ɗauki eksire. Idan ya isa babban hanji cikin awa 24 kusan tabbas ne toshewar za ta saki, in kuwa bai isa ba a fara shirin tiyata. Wasu na ganin ruwan kansa magani ne, amma wani gwaji na asibitocin Faransa da aka wallafa a 2017 bai ga ya rage yawan tiyata ba. Ni dai a ganina amfaninsa na hasashe kaɗai ya isa ya sa manyan asibitocinmu su riƙa ajiye shi, tunda eksire kawai yake buƙata.

To, a dubi sharuɗɗan wannan jira da kyau. Majinyacin yana kan gado, ba ci ba sha, roba na zuƙe cikinsa, ruwa na shiga jijiyarsa, ana auna fitsarinsa, ana gwada jininsa, likita na zagayowa, ɗakin tiyata kuma na nan a shirye idan al'amari ya juya. Kuma ba a yi wannan rangwame don ƙabar da ta maƙale ba, ko hanjin da ya murɗe. A gida kuwa, ranar farko akan ce olsa ce, a aiki yaro kemis ya karɓo maganin olsa da na kashe zafi. Rana ta biyu, da aka ga bayan gida ya ƙi, sai a koma wankin ciki, a jiƙa filasko ko jar kanwa ko a sayo ƙwayar sa zawo, wato ana tilasta wa hanji ya ƙara turi a wurin da ke rufe, ana kuma ɗura masa ruwan da zai ƙara kumbura shi. Rana ta uku ake fara maganar mota da kuɗi, a kira ɗan'uwa na birni, a sayar da akuya ko buhun masara. Wanda ke Tudun Wada ko Rigasa ko Kakuri yana da asibiti a kusa, amma wanda ya taso daga ƙauyukan Birnin Gwari ko Kachia ko Kauru sau da yawa sai ya bi ta ƙaramin asibiti tukuna, a rataya masa ruwa a rubuta masa takardar turawa zuwa asibitin Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma idan dare ya yi ba kowace hanya ake bi ba. Kafin ya isa hannun mai tiyata awa 72 ɗin ta ƙare, ba tare da ko ɗaya daga cikin sharuɗɗanta ba.

Sakamakon yana fitowa a alƙaluma. Binciken haɗin gwiwa na GlobalSurg da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara bayanan mutum 10,745 da aka yi wa tiyatar ciki ta gaggawa a ƙasashe 58, ya samu cewa cikin kwana 30 kashi 4.5 cikin 100 ne suka rasu a ƙasashe masu ci gaba, a matalautan ƙasashe kuwa kashi 8.6. Wani kuma da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya gano cewa mafi yawan mace-macen ba a kan teburin tiyata suke aukuwa ba, a ɗakin kwanciya ne a kwanakin da suka biyo baya, inda ma'aikata kaɗan ke kula da gadaje masu yawa.

Ƙaba ita ce ɓangaren da ya fi ba ni takaici, domin ita ce ke yin sanarwa shekaru kafin ta yi ɓarna. Mutum yana ganin kumburi a matsematsinsa, ya fito idan ya ɗaga kaya ko ya yi tari, ya koma idan ya kwanta, amma kunyar wurin da take, da jita-jitar cewa aikinta na kashe mazakuta, su sa ya yi shiru. An taɓa kawo mana wani dattijo manomi da ƙabarsa ta maƙale ta yi tauri, yana ta amai. Na ce, "Baba, tun yaushe take fitowa?" Ya nuna ɗansa da ke tsaye a gefe da gemunsa, ya ce, "Tun kafin a haifi wannan. Kullum in na kwanta na danna ta sai ta koma, jiya ce kawai ta yi mini gardama." Da aka buɗe an tarar da wani yanki na hanjin ya mutu, dole aka yanke aka haɗe. Aikin da a da za a iya yi masa da allurar kashe wurin kawai, ya kwana a gidansa, ya zama babbar tiyata da doguwar jinya da bashi.

Akwai binciken da ke neman saɓa wa ra'ayina na a gyara ƙaba tun kafin ta maƙale, kuma ya cancanci a ji shi. A 2006 an wallafa wani gwaji na Arewacin Amurka a kan maza 720 masu ƙabar da ba ta damunsu sosai, aka yi wa rabi tiyata aka bar rabi ana lura da su, sai aka ga maƙalewa ba ta cika aukuwa ba, ƙasa da mutum 2 cikin 1,000 a shekara. Amma da aka ci gaba da bin su, kusan kashi 2 cikin 3 na waɗanda aka bari sun dawo an yi musu aikin cikin shekara 10, galibi saboda ciwo. Bayan haka, waɗannan mutane ne da ke ganin likita a kai a kai, ba manomin da ke ɗaukar buhu ba ne, wanda ƙabarsa ta riga ta sauka ta zama gwaiwa, kuma tsakaninsa da ɗakin tiyata tafiyar yini ce. Mata ma akwai wata ƙaramar ƙaba da ke fito musu a saman cinya, sau da yawa ba a lura da ita, amma ta fi ta matsematsi saurin shaƙe hanji, don haka tsohuwar da ta zo da amai da kumburin ciki dole a duba mata wannan wuri, kunya ko ba kunya. Ko maganar tsada bincike ya taɓa ta. Ana gyaran ƙaba na zamani da wata raga da ake toshe raunin bangon ciki da ita, kuma ta kamfani kuɗinta na iya wuce dala 100. A Yuganda an kwatanta ta da ragar gidan sauro da aka tsabtace da tururi, wadda ba ta kai dala 1 ba, a gwajin maza 302 da aka wallafa a 2016, ba a kuma ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen dawowar ƙaba ko matsalar bayan aiki. Sai dai wata raga ce ta musamman marar maganin sauro, ba irin wadda ake rabawa a unguwanni ba.

A wajen jarirai labarin daban ne. Galibi tsakanin wata 4 da shekara 1, wani yanki na hanji yakan zurma cikin yankin da ke gabansa, kamar yadda hannun riga ke shigewa cikin kansa idan an tuɓe ta da gaggawa. Yaro mai ƙoshin lafiya sai ya tsandara kuka ya naɗe ƙafafu, ya yi shiru na 'yan mintuna har ya koma wasa, sannan kukan ya dawo, daga baya amai ya biyo, sai bayan gida mai jini da majina. Wannan alama ta ƙarshe ita ke ɓatar da iyaye, domin kowa atini zai ce, kaka kuma ta ce haƙori ne tunda watannin sun yi daidai. Tun 1876 likitan yara Harald Hirschsprung na Denmak ya nuna ana iya mayar da hanjin ta hanyar tura ruwa ta dubura, kuma a yau ana yin haka da ruwan gishiri ko iska ana kallo a sikanin ko eksire, babu yanka. Amma dabarar tana aiki ne kafin hanji ya mutu. Wani nazari da ya tattara rahotannin duniya a 2013 ya nuna cewa a Afirka kimanin yara 9 cikin 100 masu wannan ciwo ke rasuwa, a sauran yankuna kuwa ƙasa da 1, kuma rubuce-rubucen da Farfesa Emmanuel Ameh da abokan aikinsa suka yi daga Zariya a kan tiyatar yara sun sha nanata matsalar zuwa a makare.

Murɗewar ƙarshen babban hanji ta fi kama maza manya, kuma ko an warware ta da na'urar leƙa hanji tana yawan komawa sai an yanke sashen. Shi kuwa dattijon da bayan gidansa ya sauya, yana ganin jini, yana ramewa, sannan ciki ya toshe, sai an kawar da zargin sankarar hanji, domin ɗora komai a kan basir ya jinkirta mutane da yawa.

Saura abin da ke samun hanji bayan an buɗe hanya, lokacin da 'yan uwa ke ɗauka an gama. Hanjin da ya kwana kwanaki a kumbure, aka kuma taɓa shi da hannu, ba ya komawa aiki nan take. A bangonsa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu tsara bugun motsinsa, waɗanda ke ɗauke da sunan masanin Sifaniya Santiago Ramón y Cajal, kuma gwajin da aka yi da ɓeraye a Jami'ar Nebada, aka wallafa a 2001, ya nuna suna ɓacewa a sashen da ke sama da toshewa, su farfaɗo ko da ba duka ba bayan an cire abin da ya tare. Shi ya sa tambayar farko ta ma'aikacin jinya da safe ita ce ko majinyaci ya yi tusa, tambayar da ke sa dattawa sunkuyar da kai alhali albishir ɗin da muke jira ke nan. Tsarin gaggauta farfaɗowa da Henrik Kehlet na Denmak ya assasa a shekarun 1990 ya kawar da al'adar barin mutum kwance da yunwa: a tashe shi ya taka tun washegari, a rage magunguna irin morfin da tiramadol domin suna rage motsin hanji, a fara ba shi abu mai sauƙi da zarar likita ya ba da dama.

Idan an yanke hanji, abin dubawa shi ne nawa aka bari, kuma wane sashe aka cire. Hanji na da juriya, fatar cikinsa na sabunta kanta duk kwana 3 zuwa 5, sashen da ya rage kuma yakan ƙara ƙarfin tsotsa cikin shekara 1 zuwa 2, saboda haka yanke ɗan yanki ba ya hana mutum cin tuwonsa. Amma idan ragowar ƙaramin hanji ba ta kai mita 2 ba, ana iya shiga matsalar zawo marar yankewa da ramewa da bushewar jiki, har wasu su dogara da abinci ta jijiya, abin da samunsa na dogon lokaci ke da matuƙar wuya a ƙasarmu. Ƙarshen ƙaramin hanji, wanda taifot da zurmawar hanjin yara suka fi shafa, ƙaba ma ba ta cika barinsa ba, shi ke tsotsar bitamin B12, kuma babu sashen da ke karɓar wannan aiki nasa. Da yake hanta na da ajiyar B12 ta shekaru, ƙarancinsa ba ya bayyana sai kowa ya manta da tiyatar. Mutum sai ya zo da ƙarancin jini da kasala, ƙafafu sun yi masa dindiris, a yi ta ba shi maganin maleriya da na taifot, alhali allurar B12 ce buƙatarsa. Wasu kuma akan fito musu da bakin hanji ta gefen ciki su riƙa bayan gida a jaka, galibi na 'yan watanni, kuma tambayarsu ta farko takan zama ta alwala da salla. Malamai suna da bayani mai sauƙaƙawa a kan mai lalurar da ba ta yankewa, kuma gara a haɗa majinyaci da su tun yana kan gado.

Duk wanda aka yi wa irin wannan tiyata ya kamata ya nemi likita ya rubuta masa a takardar sallama abin da aka tarar, da sashen da aka cire, da tsawonsa, ya adana ta cikin takardun gida, domin fayil na iya ɓata, kuma ba lalle ne asibitin da zai je nan gaba ya zama na farkon ba. Toshewar mannewa tana dawowa, kuma duk sa'adda ta maimaitu haɗarin ta gaba yana ƙaruwa. Idan murɗawar ciki ta haɗu da amai, musamman kore, da kumburi, iska kuma ta daina fita, sai a dakatar da abinci da abin sha da duk wani maganin wankin ciki, a ɗauki takardar nan, a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da mai ba da allurar barci a wannan ranar, ba ƙaramin wurin da zai sake turawa gaba ba.